Launin Bayan Jadawali

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ɗinki, ya Baban yara?

Ƙanenki na cikin tsaka mai wuya. Kin san ni aka ɗora wa tsara jadawalin hanyar da kamfaninmu zai gina. Takarda ce mai faɗin tabarma: watanni a gefe, kilomitoci a ƙasa, kowane rukunin ma'aikata da layinsa. Masu share daji, masu zuba ƙasa, masu gada, masu kwalta, layi ashirin da uku suna ta ratsa juna. Jiya Manaja ya riƙe ta a kife minti goma yana gyaɗa kai, sai da direbansa ya juya masa ita. Kunya ta koma faɗa. Ya ce in ran Litinin bai gane ta da kallo ɗaya ba, zai ba wani aikin, ni in koma sito wajen buhunan siminti. Wallahi tsoro nake ji.

Naki, Auta.

Auta,

Muna lafiya. Baban yara na gaishe ka, ya yi dariya har ya ƙware.

Na ga hoton da ka turo. Ni na ɗauka kyanwa ce ta shiga kwandon zarena. Shekara biyar a jami'a, ba wanda ya faɗa maka zare ba ya fitowa sai an sama masa yadin da zai hau? Ka shafa launi a bayan layukan: watannin damina toka-toka, wurin gada shuɗi. Biyu kawai, kuma sama-sama, don na san hannunka, ko gishiri ba ka iya sakawa ba.

Allah ya ba da sa'a. Yayarka.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje.

Da farko launi bakwai na zuba, mai firinta ya tambaye ni ko labule zan yi. Na dawo kan biyunki. Yau Litinin, Manaja na kallo ya gane, har ya ce, “Yawwa, yanzu ka yi aiki!” Ina cikin washe baki ya ɗora yatsa kan layin kwalta, ya bi shi tiryan-tiryan har cikin shuɗin, ya tsaya cak. Yaya, ashe na sa a zuba kwalta a kan gadar a watan uku, gadar kuwa sai watan biyar za a fara ta. Shugaban lebura ya ce, “Ranka ya daɗe, a iska za mu shimfiɗa ta, ko kifaye za su riƙe mana?”

Manaja ya ce gobe zan ji hukunci. Ke kika ja min. Da ba mai ganewa ai muna zaune lafiya.

Auta.

Auta,

Sannu. Ni launi na ba ka, ban ba ka gada ba. Ka je gobe ka amsa laifinka ba kwana-kwana. In an kore ka, ina neman mai kafa maɓalli.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba a kore ni ba. Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ashe tun watan jiya ya sa hannu a tsohon jadawalin ya aika wa waɗanda suka ba mu kwangilar, har da wasiƙa cewa ya duba shi layi-layi. Ya ce in gyara gadar, sannan kafin a aika musu sabon, don Allah in cire launin.

Naki har kullum, Auta.