Muhallin da Ban Gina Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

A duk tarihin harshen Hausa, ban ji kalmar da ta jefa bawan Allah a rami kamar yadda "muhalli" ta jefa ni ba. Ni malamin lakkwal ne a Gaya, kimiyya nake koyarwa. Kullum ina yi wa ɗalibai wa'azin illar hayaƙi, sai na ga bai dace in gama in tayar da moto, wato babur, in turnuƙe su ba. Na sayar da moto na sayi keke, ko kabu-kabu ba na hawa sai dole.

Lokacin ne bai dace ba. Tun da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, duk magidancin da aka gani a keke cewa ake gada ta karya shi. Ga shi ina neman wata malamar asibiti, mahaifinta tsohon ɗan kasuwa ne da ya san karyewa da idonsa. Ranar da na je gaishe shi ya daɗe yana kallon keken, sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal a nan, ya ce, "Mushe, lafiya? Ina motonka?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, saboda muhalli ne."

Ni iska da itatuwa da kogin Kwara nake nufi, shi kuwa gida ya ji. Ya miƙe ya kama hannuna, ya ce yau ya ga yaron kirki, ya hana kansa esansi, wato man fetur, don ya gina wa iyalinsa wurin zama. Ya fara sa mini albarka, ni kuma ba a koya mini yadda ake katse dattijo a tsakiyar addu'a ba. Na ce amin.

Yanzu har danginsu na garin Bana sun san ina gini. Baban ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga katanga ta tashi. Na faɗa wa 'yar tasa gaskiya, ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta daina. Ta ce babanta yana iya yafe talauci, amma ba ya yafe wanda ya bar shi ya yi ta yabo a masallaci a kan iska. Na ce ai a kan iskar ce dama, ta kashe waya.

To 'yan uwa, in je in yi masa darasin ma'anar kalma in rasa ta? Ko in yi shiru in nemi fili da albashin da ba ya kai ƙarshen wata? Wa zan aika ya faɗa masa ba tare da ya ji kunya ba?

Jiya baban ya aiko da gudummawar siminti a tsohon kamyo na ɗaukar kaya, hayaƙinsa ya rufe layinmu. Simintin yana nan jibge a gidan da nake haya.