Idon Surukata Ya Buɗe, Na Rasa Wadda Zan Karanta Wa

Anti Jummai, don Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke damuna ko faɗarsa kunya nake ji. Gidanmu cike yake da murna, ni ma ina cikin masu murnar, amma hankalina bai kwanta ba.

Ni Bayarabiya ce, amma a Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni. Da Hausa na tashi, Yarabancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Ina sayar da manja da gari da busasshen kifi a kasuwar Tarauni. Bara surukata, mahaifiyar maigidana Ayodele, ta dawo wurinmu da zama saboda yanar ido ta hana ta gani. Mama mace ce da ba ta karyawa sai ta karanta Littafi Mai Tsarki. Wata safiya na same ta ta ɗora littafin a cinya tana shafa shafin da hannu, hawaye na bin kumatunta. Na ce bari in karanta mata. Na gwada na Yarabancin, na yi ta tuntuɓe, har ta fashe da dariya ta ce in sakar mata yarenta kada in ƙarasa shi. Da yake ta daɗe a Kano tana jin Hausa sarai, sai na ɗauko na Hausa.

Anti, tun ina yarinya nake zuwa coci, har ƙungiyar mawaƙa na shiga, amma littafina ranar Lahadi kawai yake ganin rana. Da farko ma tausayi ne ya sa nake yi mata karatun, rabin hankalina yana rumfa. Sai dai Mama ba ta yarda a wuce aya da gudu. Sai ta ɗaga hannu ta ce in maimaita, sannan ta tambaye ni me na ji a ciki. A haka muka bi Zabura, muka shiga Bisharar Luka. Ban san ranar da abin ya kama ni ba. Na dai tsinci kaina cikin adaidaita sahu ina juya ayar safe a raina ina murmushi ni kaɗai. Addu'ata ta daina zama ta roƙo kawai, godiya ta yi yawa a ciki. Ni da aka sani da kaifin baki, ranar nan wani ya kushe manjana tas, na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Hajiya Uwani mai kayan miya, maƙwabciyar rumfata, ta leƙo ta tambaye ni ko maganin hawan jini na fara sha.

Watan jiya aka yi wa Mama aikin ido. Da aka cire bandejin, fuskar jikarta Titilope ta fara gani, ta ce ashe yarinyar nan wushirya gare ta ba a gaya mata ba! Mun yi kuka mun yi dariya, muka je coci muka yi godiya, Hajiya Uwani ta aiko da waina cike da kwano.

To ga matsalar. Yanzu Mama da tabaranta take zama bakin taga ta karanta nata da kanta, da ƙarfi, tana haɗawa da waƙa. Ba ta sake nemana ba. Ni kuwa in na buɗe nawa ni kaɗai, kafin in kai ƙarshen sura hankalina ya tafi wurin mai kawo kifi. Tsoro ya kama ni. Wannan bangaskiyar tawa ce, ko ta Mama na ara? Ina so in roƙe ta mu ci gaba, amma kada ta ɗauka ba na murna da warkewarta. Da na gaya wa maigidan, dariya ya yi ya ce gaba nake yi da tabarau. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Manja, Tarauni

'Yar'uwa Mai Manja, barkanku da arziki. Ki gaishe mini da Mama.

Ki kwantar da hankalinki, bangaskiyar nan ba aro ba ce. Mama ba ta rumfarki ranar da kika haɗiye fushi kika yi wa mai kushe kayanki fatan alheri. Littafin da kansa ya koya mana cewa da 'ya'yansa ake gane itace, ga shi har maƙwabciyarki ta shaida.

Yanzu ki duba ɓangaren Mama. Wanda ya daɗe ana ba shi abinci a baki, ranar da hannunsa ya warke ɗokin ci da kansa yake yi. Kuma ina kyautata zaton gani take ta sauke miki nauyi, don surukar kirki ba ta son takura wa matar ɗanta. Kina jin nauyinta tana jin naki, sai zaman ya mutu a tsakaninku ba wanda ya so. Ki same ta, ki durƙusa yadda kuka saba, ki gaya mata abin da karatun nan ya yi miki. Ban san tsohuwar da za ta ji haka ranta ya ɓaci ba. Safiyar ki bar mata, ta jira ta da yawa. Ki roƙi wata yamma cikin mako, ita ta karanta da Yarabanci, ke da Hausa, Titilope tana ji. Mai dariyar nan ma a ajiye masa kujera.

Amma kada ki rataya komai a wuyan Mama. Abin da ta koya miki ki yi wa kanki: ki karanta da murya, kaɗan, a hankali, ki maimaita, ki tambayi kanki me kika ji da kuma inda zai yi miki aiki yau. Ranakun da karatu ba ya armashi suna zuwa wa kowa, har fastoci. Ba kullum miya ke da nama ba, amma tuwon yana riƙe ciki. Sannan ki yi magana da shugabar zumuntar mata ta cocinku. Zai yi wuya a rasa wani dattijo ko dattijuwa a Unguwar Gano ko Babban Giji da ido ya gaza, littafi na ajiye ba mai buɗe musu.

Ubangiji ya ƙara wa Mama lafiya, ya riƙe ki cikin Maganarsa, ya sa albarka a gidanki da kasuwarki.

Anti Jummai