Tawali'un da Na Koya Miki

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar babanki da ba ta gajiya da ƙorafi, kamar mai ita.

Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Kin ce firjin magani ya kwana a kashe, magunguna sun lalace, an ɗora laifin a kan mai sharar ɗakinku, ranar Litinin za a sallame ta. Kin ce da idonki kika ga shugabarku ta zare wayar firjin ta jona butar shayi. Kika yi shiru, wai ni na koya miki tawali'u.

Ni na koya miki, ba na musu. Amma lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Daga bencin baya nake jin kalmar a coci, na ɗauka ma'anarta sunkuyar da kai da haɗiye magana. Yanzu da nake karatun Littafi Mai Tsarki ina bin layi da yatsa, na ga an kira Musa mai tawali'u, ga shi kuwa ya tsaya gaban Fir'auna. Na kai wa matar fasto tambaya, ta nuna mini keken ɗinkina. Ta ce ƙarfi na nan a ƙafa, tawali'u shi ne sanin yadda za a taka kada allura ta karye. Wadda ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya ba ta ɗinka komai.

Ki fara samun shugabar ita kaɗai, ba da faɗa ba. In ta ƙi, ki faɗi abin da kika gani a gaban manya. Ina dai tsoron kada ki rasa aikinki.

Mahaifiyarki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina cin abinci a kan lokaci. Sau uku na karanta saƙonki, na huɗun babanki ya ƙwace, wai ina jiƙa takardar da hawaye.

Ashe da kika je wurinta, shugabar ta kore ki daga ofishinta, amma ranar Litinin, da kika miƙe za ki yi magana, sai ta riga ki ta amsa laifinta. Na gode wa Allah da ba ki yi mata dariya ba. Mayar da ke ɗakin gaggawa da aka yi bai yi mini daɗi ba, na san tsayuwar da ke can. Ki sayi takalmi mai taushi.

Ki gaishe mini da mai sharar, tunda kin ce tana nan da tsintsiyarta, har tana kiranki 'yarta. Ki faɗa mata na yarda mu raba ki.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki