Minista Ya Warke, Uwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Uwata, a gadon jinyarta can ƙasar Indiya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa saƙon nan ya same ki cikin sauƙi, ke da mahaifiyarki da ke zaune da ke. Mu nan Dei-Dei sai godiya. Damina ta zauna, kara ta yi caɓi yadda kika san ta, shanu kuma sun yi tsadar da har mahauta ke kuka.

Na san za ki yi mamakin ganin dogon rubutu a shafin sada zumuntar nan da kika buɗe mini, wanda ban taɓa sa komai a cikinsa ba sai hotunan bijimai. Da yatsa ɗaya nake bugawa, sai ki yi haƙuri da ni. Na zaɓi in rubuta a inda 'yan kara za su gani ne domin a gabansu aka yi abin, kuma akwai waɗanda nake so su karanta su sunkuyar da kai. Labarin dai shi ne, Minista ya yi ciwo, ya kusa tafiya, kuma ya warke. Na ɓoye miki har sai da na ga gashi ya fara tsirowa a inda ciwon yake.

Kin san tun ranar da Ɗanladi, manomin nan na Bwari mai kawo mana ciyawa, ya ba ki ɓeran Masar ɗin nan ban yi na'am da shi ba. Dabbar da ba a tatsa, ba a layya da ita, ba ta jan garma, ni ban ga abin da ake kiwo a jikinta ba. Ke kika raɗa masa Minista, kika ce tun safe yake ci har dare amma ba wanda ya taɓa ganin aikin da ya yi.

Ranar da za ku tafi kika ɗauko kejinsa kika ajiye a ƙofar ɗakina. Kika ce, "Baba, ga amanata. In na dawo in same shi." Tun da likitoci suka ce sai an yi wa zuciyarki aiki ban ƙara jin kin yi maganar gaba ba, har littattafan makarantarki kin rabar wa ƙannenki. Ran nan ne kaɗai na ji kalmar dawowa a bakinki. Na riƙe ta da hannu biyu, amma abin da na ce miki shi ne ku yi sauri mota na jira.

Haka aka yi mana tarbiyya a Katsina. Ke ce 'yar fari, ga kuma sunan mahaifiyata a kanki, don haka ba a jin sunanki a bakina, ba a ganin damuwarki a fuskata. Ko a kara in wani ya tambayi jikinki sai in ce da sauƙi, in juya zancen zuwa tsadar dusa. Har abokaina suka gane suka daina tambaya.

To wata safiya na motsa ledar ganye, ban ji fiton nan nasa ba. Kin san shi, ko daga bakin ƙofa ya ji ƙarar leda sai ya cika gida da ihu. Na leƙa na gan shi a lungu ya takure, ciyawar jiya tana nan bai taɓa ba. Da na ɗaga shi sai na ji kumburi a kafaɗarsa a ƙarƙashin gashi. Ashe wata waya ce ta ɓalle a jikin keji ta yage shi, gashi ya rufe, wurin ya yi ta tara mugunya ban sani ba. Shi ya sa kwanakin nan in kin kira kin ce a nuna miki shi, sai in ce miki hoton ba ya fita sosai, a bari sai gobe.

Na sa shi a kwalin taliya na tafi da shi kara, don a tunanina inda ake da dabba dubu ba a rasa mai magani. Lallai kuwa na samu likitoci. Alhaji Sale, abokin sana'ata da rumfunanmu ke jere, bayan ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a shafa baƙin mai na mota irin yadda muke yi wa saniya in ta yi gyambo. Wani ya ce toka da gishiri. Wani ya zaro kafso mai ja da baƙi daga aljihu ya ce in fasa in jiƙa in ɗura masa. Sauran suka tuna mini dokar kara, wai dabbar da ta daina ci wuƙa ce maganinta kafin ta zama mushe. Na sha faɗa wa mutane wannan maganar da bakina, amma ran nan ta yi mini ɗaci a kunne.

Ana cikin haka Ɗanladi ya iso da ciyawa. Ya duba kwalin ya girgiza kai, ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kar ka damu. Akwai ƙaninsa a gida, kala ɗaya, girma ɗaya. Yarinya ba zai gane ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ba zan ɓoye miki ba, sai da na juya maganar a raina. Amma tun ina bin mahaifina kasuwa ban taɓa musanya dabba ba bayan an yi sallama. Wadda mai saye ya dafa, ita ake kora masa, ko da an samu wadda ta fi ta. Ban yi wa baƙo ba, sai in fara a kanki?

Malamin dabbobin da ke duba mana shanu shi ya yi mini gaskiya. Ya karɓe kafson daga hannuna, ya ce wannan aikin ba nasa ba ne, mafi ƙanƙantar allurarsa ta akuya ce. Ya kwatanta mini wani asibiti a Gwarinpa inda ake duba ƙananan dabbobi, ya ce in tafi yau, kada in kai gobe.

Uwata, da kin ga mahaifinki a wurin nan da kin yi dariyar da za ta tayar da ma'aikatan jinya. Ni da babbar riga da kwali a cinya, dama da ni kare, hagu da ni kare, wani ma ya kai maraƙi. Na tattare rigata na ɗage ƙafafu, ina lissafin wankin da ke jirana kafin azahar. Yarinyar da ke kan tebur ta tambayi suna na faɗi nawa, ta ce a'a, na mara lafiya take nufi. Can an jima sai na ji ta ɗaga murya ta ce Baban Minista ya shigo. Kowa ya waiga yana neman babban mutum. Na miƙe da kwalina na wuce, ban kalli kowa ba.

Likitar mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba, Hausarta irin ta Abuja, mace namiji duk ɗaya. Ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta ɗora shi a kan ɗan sikeli, ni kuma don in nuna ni ma ɗan hannu ne na riga ta faɗin nauyinsa da ido, yadda nake yi wa bijimi. Na yi kuskuren da ban taɓa yin irinsa ba a sana'ata, daga nan na kama bakina.

Ta aske gashin wurin, ta kashe zafin, ta tsaga. Mugunyar ɓeran Masar ba ta gudana kamar ta saniya, kauri gare ta, sai an kwashe ta an wanke ramin. Ni da nake danne bijimi a yanka ban ƙifta ido ba, da ya yi wani ɗan kuka sai na tsinci kaina ina karanta kalandar bango. Da na ba ta labarin kafson nan, ta dafe kai ta ce irinsa yana lalata musu hanji, da na ɗura masa da shi zai riga ciwon kashe shi. Ta bar wurin a buɗe don a riƙa wankewa daga ciki, ta ba ni maganin da ya dace da jikinsa, sannan ta ce, "Baba, ciwo ba zai kashe ta ba. Rashin ci ne zai kashe ta. In yana ci, mun ci nasara."

Haka na zama mai jinya. In jiƙa abincinsa in dama, in zuba a sirinji marar allura, in naɗe shi a tawul in riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Rabi ya shiga, rabi ya dawo kan rigata. Tun da cikin ɓeran Masar ba ya son zama babu komai, ba zai yiwu in bar shi a gida har yamma ba, sai na riƙa zuwa da shi kara. Aka wayi gari babban dillali yana ciniki, da kwali a ƙarƙashin benci.

Abin nema ya samu ga Alhaji Sale. Kullum da safe sai ya zo ya tuɓe takalma a bakin rumfa, ya durƙusa gaban kwalin ya ce, "Ya mai jiki?" Jama'a su kwashe da dariya. Direbobin manyan motoci ma suka samu labari, kowa ya sauke shanu sai ya biyo dubiya. Na ƙyale su, wanda ya ɗauki amana ba ya jin kunyar ɗawainiyarta.

Ba a tafi a miƙe ba. Akwai ranar da ya ƙi haɗiye komai, wurin ya sake kumbura, na koma Gwarinpa aka sake wankewa. Na dawo kara ina tunanin da wane baki zan gaya miki. Alhaji Sale ya zo kamar kullum ya ce ya mai jiki, amma bai durƙusa ba, bai yi dariya ba, kuma ba kwalin yake kallo ba. Ni yake kallo. Sai na gane ke yake tambaya, kuma ya daɗe yana son ya tambaya, ni na toshe masa hanya.

Ran nan na buɗe baki. Na gaya masa yadda numfashinki ke yi in kin hau bene, da abin da likitoci suka ce, da yadda nake kwana ina juyi. Da aka idar da azahar ya miƙe a masallacin kara ya roƙi jama'a su yi miki addu'a, har yau kuma ba a fasa ba. Masu dariyar nan su ne suka koma zuwa da karas da kokwamba da jan tattasai a aljihu, in sun ce ya mai jiki sai in ba su amsa biyu.

Nasarar ta zo ne ina tsakiyar ciniki. Wani mahauci daga Kubwa ya taya bijimi muna ja-in-ja, sai mai rake ya wuce yana motsa leda. Daga ƙarƙashin benci na ji fito, siriri, sannan ya ƙara da ƙarfi. Na bar mahaucin a tsaye da bakinsa buɗe. Na miƙa wa Minista ganye, ya fizge da kansa ya hau ci yana kallona kamar ni na hana shi tun farko. Kafin ki ce me, layinmu kaf ya taru. Dattawa masu furfura, waɗanda tirelar shanu ba ta sa su tashi daga tabarma, suka yi da'ira suna kallon ɓera yana cin ganye. Alhaji Sale ya juya baya yana goge ido, wai hayaƙin masu tsire ne.

Da muka koma Gwarinpa, likita ta duba ta ce rami ya cike, ta sallame mu. Na ratsa kara tun daga bakin ƙofa har rumfata da kwalin a buɗe, ana yi mini barka dama da hagu. Na raba goro. Ɗanladi ya ɗaga Minista ya jinjina, ya ce a garinsu ba a taɓa jin wanda ya kai ɓera asibiti ba, amma daga yau ya yarda. Masu baƙin mai da masu wuƙa, na san kuna karantawa, ina gaishe ku.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mahaifiyarki ta gaya mini kin fara ture kwano, kina cewa ba kya jin yunwa, likitoci kuma sun ce ba za su yi aikin ba sai kin yi ƙarfi. Uwata, na ga yadda rai ke komowa cokali bayan cokali, da hannuna na yi. Ba sai kin ji daɗinsa ba, ki dai haɗiye. In abincinsu ne ba ya shiga, a dama miki kunun da kuka tafi da garinsa.

Ban iya irin wannan magana ba, kuma na san in mun haɗu zan koma tambayarki ya hanya kawai. Don haka ki karɓa a rubuce, a gaban duk wanda ke karantawa. Ina ƙaunarki. Tun ranar da aka miƙo mini ke a zani na kawar da kai saboda idon mutane nake ƙaunarki. Allah Ya ba ni 'ya'ya bayanki, ina gode maSa, amma babu wadda za a kawo mini a ce ga madadinki.

Ya Allah, Kai da ba Ka manta da ɗan ɓera a cikin kwali ba, Ka dubi baiwarKa da ke kwance a ƙasar da ba tata ba. Ka buɗe mata ci, Ka ƙarfafa zuciyarta, Ka daidaita hannun masu yi mata aiki. Ka saka wa mahaifiyarta da alheri, Ka ba duk mai jinya lafiya. Amin.

Amanarki tana nan da ranta, yanzu haka tana tauna gefen tabarmata. Akwai ɗan tabo a kafaɗar, kuma na san za ki ce a turo miki hotonsa. Ba zan turo ba. Ki zo ki duba da idonki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki, mai jiran ki a Dei-Dei.