Shirun Inna a Gaban Salula

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Muttaka, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya ya sa wa aikinka albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya, ƙanwarmu Ummi ta ci jarrabawar lakol, makarantarsu ta boko, ruwa kuma ya sauka sau biyu, ƙasa ta jiƙu.

Yaya, da hannu na rubuto maka, don a takarda ba ka da abin dannawa ka rufe mini baki. Ranar Juma'a ka tara mu a manhajar taron bidiyo ta kamfaninku, muka zauna gindin tsamiyar bayan lakol inda rezon waya ke kamawa, salulata jingine da turmi. Ka yi mana bayani kamar kana gaban manyan buro na wajen aikinku, wai Ɗan Bala na Agiye yana son sayen gonar marigayi Baba ta bakin hanya ya gina sito. Sau uku ka tambayi Inna ko tana da ja. Ta kau da kai, ta ja mayafi, ba ta ce uffan ba, sai ka ce to, Inna ta yarda. Da na ɗaga murya ka ce hayaniya ta yi yawa, ka kashe muryarmu daga can, ka bar ni ina ta magana kamar bebe. Washegari ka turo bayanin taro da na'urarku ta rubuta da Faransanci, wai kowa ya amince. Faransancin da na koya wa kaina ya ishe ni gane ƙarya.

Haba Yaya! Kai fa ɗan fari ne. Tun da aka haife ka, yaushe Inna ta taɓa kiran sunanka, ko ta dube ka ido da ido, balle ta yi maka musu gaban jama'a? Duk maganarta ta bakin Gogo Asiya, ƙanwar Baba, take iso maka. Ita kuwa Gogo ka ce ba ta cikin magada, magada kaɗai za su zauna gaban salula, aka tashi tsohuwa ta koma gida. Waɗanda suka ƙera abin naku ba su san kunyar ɗan fari ba, ban ga laifinsu ba. Kai da ka girma cikinta, mi za ka ce?

Ranar Litinin Ɗan Bala ya zo da igiya da turaku zai auna wuri. Ya tarar da ni da ƙaninmu Abdu muna shuka gero, Inna na bin mu tana rufe rami da ƙafar nan tata mai ciwo. Na gaya masa ya naɗe igiyarsa tun muna shaida juna, kuma ya naɗe. In ka ga dama ka kira ni marar kunya, ka sake kiran taro goma, ba zan jingina salulata ba. Gonar nan ba a sayar da ita ta gilashin salula. Mai son magana a kanta ya hau mota ya sauka Gangara, ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

Ga saƙon Inna, ta bakin Gogo, yadda aka saba. Ta ce a gaya wa mutumin Yamai gona ba ta sayarwa ba ce muddin tana numfashi. Ta kuma ce sa'ad da ka sunkuya kana duba takardunka ta saci kallonka, ta ga ka rame, wai ko ba ka cin abinci ne.

Ka gaida Firdausi da su Isma'ila. Gogo, Abdu da Ummi suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka da bai janye ko kalma ɗaya ba,
Sufyanu