Hannun Hagun da Ya Ci Amanata

Duwatsun Jachymov, Fabrairu 1952

Jarmilata, ranar da ke fitowa kan dusar ƙanƙara, ɗumin murhun gidan uwata, tuffar da ta ƙi faɗowa daga reshe har sanyi ya kama! Gaisuwa daga golanki mara haƙoran gaba, wanda ƙasarsa ta cire shi daga bakin raga ta zura shi rami yana haƙo mata dutse. Wannan takarda ba za ta bi ta hannun mai tace wasiƙu ba. Tsoho Kubat, ma'aikacin ramin da ke komawa gidansa kullum, shi zai fitar da ita cikin takalminsa. Idan kin ji wari, ba daga kalmomina ba ne.

Zauna tukuna, domin laifi na yi. Kada ki hau jirgin ƙasan ranar Lahadi. An soke ziyarar.

Na san nauyin abin da na faɗa. Kin sanar da ni cewa sakataren jam'iyya na makarantarku ya ajiye miki takarda: ki sa hannu kin rabu da ni maƙiyin al'umma kafin Mayu, ko ki bar ajinki da ɗalibanki. Kin ce ba za ki ba shi amsa ba sai kin ga fuskata sau ɗaya. Fuskar da ko uwata sai ta daure take kallo! Tun da aka ɗaure ni shekara goma sha biyu don na ce a mashaya jam'iyya ta fi ni iya tsaron gida, ni ina hana shiga ita tana hana fita, ban taɓa son wani abu kamar rabin awar ziyarar nan ba.

Ga yadda na zubar da ita. Kwamandan sansaninmu, Brabec, mutum ne mai tumbi da ya yarda a ransa cewa da ba don aikin gwamnati ba, da shi ne tauraron wasan hokin ƙanƙara na ƙasar nan. Ya sa aka zuba ruwa a filin ƙidayar fursunoni ya daskare, aka kafa raga da katakon rami, sannan ya aika a kira ni. Ya ce zai buga mini sau uku a gaban kowa. "Idan ɗaya ta shiga zan yi farin ciki, gwarzo," in ji shi, "ni kuwa in ina farin ciki hannuna ba ya nauyi wajen sa hannu kan takardar ziyara." Hynek, tsohon lauyan da ke gadon samana, ya ce mini, "Venda, buɗe ƙafa kawai za ka yi. Wannan ko kakata za ta iya."

Na rantse miki na yi niyya, hasken idona. Na ɗaura buhunan siminti a ƙwauri, na sa safar hannun kwasar gawayi, na tsaya can gefe na bar masa ƙofar da amalanke zai wuce da dokinsa. Bugun farko ya tafi ya sami wani ganduroba a gwiwa. A na biyu sandar bugun ce ta tafi, ƙwallon tana nan inda take, kwamanda kuwa yana zaune kan ƙanƙara. Mutum ɗari shida suka haɗiye dariya har wasu na tari. Na uku ta zo daidai, a hankali, kamar tsohuwa za ta coci, ta nufi kusurwar hagu. Na ce wa hannuna, zauna. Na roƙe shi, na tuna masa da idanunki. Ina kallo ya tashi da kansa, ɗan banza, ya cafe ta kamar wanda aka aika!

Can baya wani ya tafa sau ɗaya, shi ke nan kowa ya ɗauka. Kwana goma na yi a ɗakin horo ina zagin wannan hannu. Me zan yi masa? Shekara ashirin ina koya masa kada ya saurari kowa, har ni.

A ɗakin nan ne na tuna da daskararren tafkin bayan gidan kawunki. Kin tuna? Kina sanye da jar hular da ta yi miki yawa, kika karɓi sandar ɗan'uwanki kika ce ba kya tsoron golan jaridu. Kika buga, ta wuce tsakanin ƙafafuna, kika yi ta tsalle har kika faɗi. Shekara huɗu ina gaya wa kowa cewa tausayinki na ji na bar ta ta shiga, ke kuma shekara huɗu kina hararata. To yau ga shaidu ɗari shida da kwamanda guda: ban iya barin ƙwallo ta wuce ba, ko da ganinki ne ladan. Ƙarya nake yi, Jarmilka. Cin gaskiya kika yi mini. Ban ma ga ƙwallon ba, ɗigon da ke gefen bakinki nake kallo.

Yanzu ga roƙona, kuma a nan wasa ya ƙare. Tsoro nake ji. Ina jin tsoron Mayu fiye da ramin nan, fiye da tarin da ke damun waɗanda suka daɗe a cikinsa. Idan dole ne, sa musu hannu. Yaran nan suna bukatar malamar da ke dariya, ni kuma ba zan ƙi ki don takarda ba. Amma kada ki sa hannun don kin zaci na fifita tafin fursunoni a kanki. Wa zai musanya bazara da tafi? Wa zai ba da ƙamshin gashinki don ya ga kwamanda ya kumbura? Idan kin sa, ki aiko mini da zare ɗaya na jar hular ta hannun Kubat, in san alƙalami ne ya rabu da ni ba ke ba.

Brabec ya ce za a sake bugawa kafin ƙanƙara ta narke, don mutuncinsa ya dawo. Hynek ya yi alkawarin ɗaure mini hannun hagu a baya da igiyar wandonsa. Na daman ne ban yarda da shi ba, amma ina masa nasiha kullum.

Ki jira ni, ke kaɗai da kika taɓa cin raga alhali mai tsaronta na murna. Ina nan tsaye inda kika bar ni, ba wadda za ta wuce bayanki, ko shekara goman da ta rage ta zama ashirin.

Naki har ƙanƙarar duniya ta narke,
Vendelin, da hannunsa mai neman gafara