Wuta Biyu a Bango Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

An kawo farantan sola huɗu, batir biyu, da inbata mai juya wutar batir ta zama ta gida, mai kama da akwatin ƙarfe. Duk saboda Mama, mahaifiyar mijina. Tun da huhunta ya yi rauni take dogaro da na'urar numfashi, in an ɗauke wuta kuwa kafin in tayar da janareta leɓenta ya fara canja launi. Mijina ya ce daga yanzu batir zai karɓa nan take, janareta sai ranar da batir ya gaza.

Na gan shi a kan rufi, hannun riga a naɗe. Wallahi sak jarumin littafin da nake karantawa. Ban faɗa masa ba, dariya zai yi.

Laraba, 5 ga Maris

Mai gyaran wuta ya zo, dattijo mai furfura a gira. Ina kicin ina jin su. Ya ce sai an sa canjoba, makunni ɗaya mai hannu wanda ba ya barin wutar janareta ta haɗu da ta inbata. Mijina ya ce makunnai biyu sun isa, a sauke ɗaya a ɗaga ɗaya, ya gani a waya. Dattijon ya ce, "Ɗana, hannun mutum yana mantuwa." Mijina ya ce gidansa ne. Mutumin ya tattara kayansa, ko ruwan da na kai masa bai sha ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mijina ya gama aikin da kansa. Ya manna takarda a bangon baranda: SAUKE JA KAFIN KI ƊAGA BAƘI. Ja makunnin inbata ne, baƙi na janareta. Ya sa na maimaita sau uku, yana cewa, "To, Malama 'yar littafi, wannan layi ɗaya ne kawai, ba shafi ɗari uku ba."

Mama ta ce yau ta ji kukan tsuntsaye, ba ƙarar inji.

Talata, 11 ga Maris

Hadari tun jiya. Batir yana ta ƙara kamar ɗan tsako.

Alhamis, 13 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru, ko da ba wanda zai karanta.

Ƙarfe sha ɗaya na safe, ba wuta, batir ya kusa ƙarewa. Saura shafi shida in gama littafin. Na ce bari in ƙarasa. Sai Mama ta buga cokali a jikin gado, haka take kirana. Na fita da gudu, na ja igiyar janareta, ya tashi, na ɗaga baƙi.

Ban sauke ja ba.

Ƙarar ba ta da girma ma. Tas, sai warin roba. Inbata ya ƙone, na'urar Mama ta mutu tare da shi. Na same ta ta dafe ƙirji, idonta a kaina, ba ta iya ko kiran sunana. Maƙwabciyarmu ce ta kai mu asibiti a motarta. Duk hanya ina riƙe da kan Mama ina ƙirga numfashinta.

Juma'a, 14 ga Maris

A barandar asibiti Yaya Babba, yayar mijina, ta tambayi abin da ya faru. Mijina ya ce, "Tana karatu ne." Iyakarta ke nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, ya labarin ya ƙare? Sun yi auren?"

Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ke cina ke nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Likita ya ce Mama ta daɗe ba iska. Hannunta na dama ba ya ɗaguwa. Wai a jira.

Laraba, 19 ga Maris

Dattijon ya dawo. Mijina ne ya kira shi, amma ya fice aiki kafin ya iso. Dattijon ya dubi takardar bango ya ɓamɓare ta. Na ce, "Baba, ni ce na yi." Ya ce, "Ke ce ranar ta faɗo wa, 'yata. Da mijinki ne a gida wata rana shi zai yi. Na gaya masa."

Na tsaya a kansa har ya gama sa canjoba. Ya nuna min wayar da ke zuwa daga janareta, da ta sabon inbata, da wadda ya ware wa ɗakin Mama ita kaɗai. Hannu sama sola, tsakiya babu komai, ƙasa janareta. Ya ce ko ido a rufe ba za su haɗu ba.

Da yamma na faɗa wa mijina abin da dattijon ya ce. Ya ce, "Maganar ta wuce." Na jira ya kira Yaya Babba. A littafi nan ne namiji ke tashi ya ce laifina ne. Ya ci abincinsa.

Litinin, 24 ga Maris

An sallamo Mama da sabuwar na'ura. Maganarta tana ja. Ni nake ba ta abinci a baki. In na zo tashi takan riƙe bakin zanena da hannun hagu.

Alhamis, 27 ga Maris

Hadari kuma. Na duba batir tun safe, na san zai kai mu la'asar. Mijina ya dawo da rana, ya ji ƙarar batir, ya nufi bango yana cewa bari ya mayar kan janareta.

Na ce, "Bar shi."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Da saura. Ni zan yi in lokacin ya yi."

Ya tsaya da hannu a sama, sannan ya sauke. Na ci gaba da wanke kofin Mama. Ba fushi nake yi ba, ina jin. Kawai dai har ya shige ɗaki ban ɗaga kai na dube shi ba, kuma sai yanzu da nake rubutu na lura.